Cinikin Biri a Sama: Amana Tsakanin Mai Kiwon Karnuka da Mai Saye

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kara domin sayen sa ko ragon layya, ya ga yadda ake cinikin dabba a ƙasar Hausa. Mai saye yakan zagaya dabbar, ya shafa gadon bayanta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora don ya san shekarunta, sa'an nan ya sa a ja ta ya ga tafiyarta. Ga kuma dillali a tsaye, wanda ya san mai dabbar, ya san garinsu, kuma shi za a nema idan magana ta taso daga baya. Da wuya a cuci mai ido a irin wannan ciniki, domin kuwa galibin abin da ake saye yana fili.

To, amma ɗan kwikwiyo mai mako 8 da haihuwa fa? A da can, mafarauci ko makiyayi ko mai neman karen gadi yakan roƙi ɗan kwikwiyo ne daga maƙwabcinsa, ya san uwar, wataƙila ma ya san uban. Yanzu kuwa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja akan fitar da maƙudan kuɗi a sayi karnukan gadi 'yan asalin ƙasashen waje daga hannun mutumin da ba a taɓa gani ba, wani lokaci ma hoto kurum aka gani a waya. Abin da mai saye yake iya gani da idonsa shi ne gashi mai sheƙi da ido mai haske. Abubuwa uku da za su yanke hukuncin rayuwar karen har shekara 10 ko fiye, wato abin da ya gada, da irin renon da ya samu, da rigakafin da aka yi masa, duk a ɓoye suke. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Masana tattalin arziki sun daɗe da nazarin irin wannan kasuwa. A shekarar 1970 wani Ba'amurke, George Akerlof, ya yi bayaninta da misalin motocin hannu. Idan mai saye ba ya iya bambanta mai kyau da mai aibi, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Mai kaya nagari sai ya ga ya faɗi, ya janye daga kasuwa, a bar wa maha'inta fili. Wannan nazari yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Haka abin yake ga karnuka. Mai kiwon da ya biya likita, ya yi allurai, ya ciyar da uwa abinci mai kyau, dole ɗan kwikwiyonsa ya fi tsada, alhali a ido ba shi da bambanci da na wanda bai kashe ko sisi ba. Mafitarsa ita ce ya kawo shaidar da mai saye zai iya bincikawa da kansa, kuma a nan ne kimiyya ta shigo cikin maganar.

Abin da ke ɓoye a cikin jini

Ƙasar Ingila ce ta fi kowace ƙasa dacewa da zama abin misali, domin a can aka fara tsara kiwon karnuka irin na zamani. An yi bikin nunin karnuka na farko a birnin Newcastle a 1859, sa'an nan a 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda ta buɗe littafin rajistar asali. Daga baya ƙa'ida ta zauna cewa ba a kiran kare ɗan wani iri sai uwarsa da ubansa suna cikin littafin. Da farko abin ya yi kama da tsari mai kyau, tun da mai saye yana samun takardar da ta nuna masa kakanni. Sai dai rufe littafin ya kasance tamkar rufe ƙofar gari ne, a ce ba mai aure sai a cikin dangi. Ƙari a kan haka, idan wani namiji ya ci gasa, sai kowa ya kai masa karyarsa barbara, ya haifi ɗaruruwan 'ya'ya, bayan 'yan shekaru irin duka ya zama jikokinsa.

Me ya sa wannan yake da haɗari? Kare yana da kuromosom 78, wato tagwaye 39, rabi daga uwa, rabi daga uba. Da yawa daga cututtukan gado ba sa bayyana sai ɗa ya karɓi gurɓatacciyar ƙwayar gado daga ɓangarorin biyu. Ɗalibai sun san wannan lissafi daga darasin cutar sikila: idan mai AS ya auri mai AS, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai SS, 2 cikin 4 masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba, 1 cikin 4 kuma mai AA. Haka yake ga wata makanta ta gado da ke samun karnukan Labrador da wasu irinsu, inda tantanin da ke karɓar haske a bayan ido yake mutuwa sannu a hankali. Uwa lafiya lau, uba lafiya lau, ɗan kwikwiyo yana gani sarai ranar da aka saye shi, sai ya shekara 3 ko 5 ko fiye sa'an nan ya fara tuntuɓe da dare. Malami zai iya nuna wa aji wannan da kwabbai biyu: a jefa su tare sau 100, a ƙidaya sau nawa duka biyun suka faɗi a fuska ɗaya da aka zaɓa, za a ga adadin yana kewayen 25.

Dangi na kusa sun fi yiwuwar ɗaukar gurɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya, saboda daga kaka ɗaya suka samo ta. A 1922 masanin gado Sewall Wright ya fito da ma'aunin wannan kusanci. Ɗan da aka samu tsakanin uba da 'yarsa, ko wa da ƙanwa, ma'auninsa kashi 25 cikin 100 ne; na 'ya'yan wa da ƙani kuwa kashi 6.25. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka duba ƙwayoyin gadon iri 227 na karnuka, suka tarar matsakaicin ma'aunin ya kusa kashi 25. Ma'ana, a jimlace, karen da ake taƙama da takardar asalinsa tamkar ɗan wa da ƙanwa ne.

Mutanen Ingila sun farka ne a watan Agusta na 2008, sa'ad da gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri mai suna Pedigree Dogs Exposed. Abin da ya fi tayar wa masu kallo hankali shi ne wani ɗan ƙaramin kare mai dogayen kunnuwa da ake kira Cavalier King Charles. An yi ta zaɓen masu ɗan ƙaramin kai har ƙoƙon kan ya yi wa ƙwaƙwalwa kaɗan, ruwan da ke kewaya ta ya rasa hanya, ya riƙa taruwa a cikin laka, kare ya yi ta ihu yana susar iska saboda zafin ciwo. Har ila yau, kimanin rabin karnukan wannan iri sukan kamu da lalacewar wani murfi da ke tsakanin ɗakunan zuciya na hagu tun suna wajen shekara 5. Bayan shirin, BBC ta daina nuna babbar gasar karnuka ta Crufts, ita kuma Kennel Club ta daina yi wa 'ya'yan uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa rajista daga 2009. A ƙasar Nowe abin ya kai har Kotun Ƙoli, wadda a 2023 ta yanke hukuncin cewa ci gaba da kiwon Cavalier ya saɓa wa dokar kare haƙƙin dabbobi. A ƙasar Denmak an bi wata hanyar dabam tun 2001: ƙungiyar masu kiwon karnuka ta ƙasar ta wajabta a duba zuciyar kowane Cavalier kafin a yi kiwo da shi, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna cutar ta ragu ƙwarai a cikin 'ya'yan karnukan da suka ci jarrabawar.

Darasin da aka koya shi ne, takardar asali sunayen kakanni kurum take faɗa, ba ta cewa komai game da lafiyarsu. Takardar da ke da amfani ita ce ta gwajin iyaye. Tun da aka kammala karanta jerin ƙwayoyin gadon kare a 2005, an samu gwaje-gwaje masu yawa da ake yi da ɗan yawu ko jini, waɗanda ke nuna ko kare yana ɗauke da wata gurɓatacciyar ƙwaya. Mai ɗauke da ita ma ba a yar da shi, sai dai a haɗa shi da wanda ba ya da ita.

Akwai kuma aibin da ba ƙwaya ɗaya ke kawo shi ba, kamar lalacewar gaɓar ƙugu da ke damun manyan karnuka irin su Alseshan da Rotwaila, waɗanda su ne aka fi saye domin gadi a garuruwanmu. Kan ƙashin cinya ba ya zama daram a cikin kwarminsa, sai ya riƙa goga, har kare ya gurgunce tun da sauran ƙarfinsa. Ba a gane wannan a jikin ɗan kwikwiyo, iyayen ake ɗauka hoton ƙashi. A tsarin Ingila sai kare ya cika wata 12, sa'an nan ƙwararru su ba kowane ƙugu maki daga 0 zuwa 53, jimla 106, kuma ƙarancin maki shi ne alheri. Amma ko iyaye masu kyakkyawan maki suna iya haifar mai matsala, tun da ƙiba da saurin girma su ma suna da hannu. Saboda haka mai kiwon da ya rantse cewa karensa ba zai taɓa ciwo ba, ko dai bai san aikinsa ba, ko kuwa yana da abin da yake ɓoyewa.

Icce tun yana ɗanye

Abu na biyu da ido ba ya gani shi ne reno. Karya tana ɗaukar ciki kwana 63 ko kusa da haka, ta haifi 'ya'ya makafi kuma kurame, sai bayan kwana 10 zuwa 14 idanunsu su buɗe. A garin Bar Harbor na Amurka, masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna renon ɗaruruwan 'yan kwikwiyo na iri biyar, cikinsu har da Basenji ɗan asalin Kwango, suka buga sakamakon a 1965. Sun gano cewa daga mako na 3 zuwa wajen mako na 12 akwai wani ɗan lokaci da ƙwaƙwalwar ɗan kwikwiyo ke karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin da aka saba da shi. A wani gwaji da aka yi a wurin, an bar waɗansu 'yan kwikwiyo da uwayensu a cikin babban fili ba tare da cuɗanya da mutane ba. Waɗanda aka ɗauko aka yi wasa da su tun suna mako 5 zuwa 7 sun saba da mutum nan da nan. Waɗanda aka bari har mako 14 kuwa sun zama tamkar namun daji, kuma duk ƙoƙarin da aka yi daga baya bai cire musu tsoron ɗan Adam ba.

Mai karatu ya lura, fiye da rabin wannan lokaci yana wucewa ne a hannun mai kiwo. Ɗan kwikwiyon da ya tashi a cikin keji a bayan gida, bai ji kukan yaro ba, bai ga akuya ko babur ba, yakan girma da tsoro, kuma kare matsoraci shi ne mai saurin cizo. Nan ne masu neman karen gadi da yawa suke kuskure, suna zaton wanda aka kulle aka hana shi ganin mutane shi zai fi tsare gida. Irin wannan ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo. Raba shi da uwarsa da wuri ma illa ne, domin a cikin kokawa da 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo: in ya ciza da ƙarfi sai ɗan'uwan ya yi ƙara, wasa ya tsaya.

Wannan ilmi ne ya zama doka a Ingila. A 2013 aka ceto wata karya Cavalier mai suna Lucy daga wata gonar kiwon karnuka a yankin Wales, bayan ta shafe shekaru a keji tana haihuwa ba hutu, ƙashin bayanta ya tanƙware, gashinta ya zube. Ta mutu a 2016, amma wani likitan dabbobi, Marc Abraham, ya jagoranci gangami da sunanta. Tun 2018 doka ta hana masu lasisi sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, ta kuma wajabta a nuna shi tare da uwarsa. Sa'an nan ran 6 ga Afrilu 2020 dokar da ake kira Dokar Lucy ta fara aiki, wadda ta hana kantuna da 'yan tsakani sayar da ɗan kwikwiyo ko ɗan kyanwa da bai kai wata 6 ba. Dole mai saye ya je wurin wanda ya yi kiwon. Abin lura a nan shi ne, dillalin kara yana ƙara amana saboda ya san mai dabba kuma ana iya kama shi, shi kuwa ɗan tsakani a cinikin karnuka aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mai saye da wurin da aka haifi ɗan kwikwiyon, don kada a ga wurin.

Doka dai ba ta gama da maha'inta ba. Akwai masu kama hayar gida su ajiye wata karya dabam su ce ita ce uwar. Amma jiki ba ya ƙarya: uwar da ta shayar kwanan nan nonuwanta sukan nuna, 'ya'yan kuma sukan bi ta. Dabarar kara ma tana aiki, wato duba baki. Haƙoran nono suna fara fitowa wajen mako 3, su cika 28 tsakanin mako 6 zuwa 8. Ɗan kwikwiyon da aka ce ya yi wata 2 amma bakinsa duk dasashi ne, an ƙara masa kwanaki.

Katin rigakafi

A nan gida Nijeriya, inda gwajin ƙwayoyin gado bai wadatu ba, shaidar da ta fi kowace muhimmanci ita ce katin rigakafi. Wata ƙwayar bairos da ake kira fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, tana cinye fatar cikin hanjin ɗan kwikwiyo, ta sa shi amai da gudawar jini, ta kashe shi cikin 'yan kwanaki. Tana yin kwana 3 zuwa 7 a jiki kafin ta nuna alama, don haka ana iya sayen ɗan kwikwiyo yana tsalle ranar Asabar, Laraba ya kwanta. Daga nan sai rigima: mai saye ya ce an sayar masa da maras lafiya, mai kiwo ya ce a gidanka ya ɗauka. Kowannensu yana iya zama mai gaskiya, tun da ƙwayar tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba.

Dalilin da ya sa allura ɗaya ba ta isa ba abin sha'awa ne. A ranar farko ta rayuwarsa ɗan kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa. Wannan garkuwar aro tana kare shi, amma kuma tana kashe ƙarfin allurar rigakafi in an yi ta da wuri. Tana raguwa a hankali, kuma ba wanda ya san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗa. Shi ya sa ake fara allura a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 2 zuwa 4, har ya kai mako 16. Wanda duk ya ce maka ɗan kwikwiyo mai mako 8 ya gama allurarsa, bai faɗi daidai ba. Katin kirki yana ɗauke da kwanan wata, da lambar kwalbar maganin, da sa hannu da hatimin likita wanda za a iya zuwa a tambaya. Maganin kuma sai an adana shi a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wanda ya kwana a aljihu ko a firjin da ba wuta ya zama ruwa.

Ita kuwa allurar haukan kare, wadda ake yi daga wata 3, ta wuce maganar asarar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana, sai dai wani ikon Allah. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa allurar karnuka, kuma masana sun nuna cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, cutar takan yanke. Tun da akan miƙa ɗan kwikwiyo kafin ya kai wata 3, wannan nauyi yana kan mai saye ne, haƙƙin mai kiwo kuma ya rubuta masa ranar a kati.

Shi ma mai kiwon yana da tambaya

Har yanzu maganar mai saye muke yi, alhali shi ma mai kiwon biri a sama yake saye. Bai san gidan da zai kai dabbarsa ba. Saboda haka mai kiwo na gari yakan yi tambayoyi har mai saye ya fara jin haushi: akwai katanga? Akwai ƙananan yara? Wa zai kula da shi in an yi tafiya? An yi lissafin abincinsa? Karen Boerboel ɗan asalin Afirka ta Kudu yakan wuce kilo 60 in ya girma, kuma wanda ya saye shi yana ɗan mitsitsi sau da yawa bai yi tunanin buhunan abincin da ke gabansa ba. Akwai kuma maganar yanayi. Kare ba ya yin gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Karen tsaunukan Kokesas mai gashi kamar bargo, wanda ake yayinsa a biranenmu, yana shan azaba a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40. Wani lokaci amsar gaskiya ita ce a ce wa mai saye wannan iri bai dace da gidanka ba, karen gida da kakanninsa suka saba da zafinmu da kaskarmu ya fi maka. Ba kowane ɗan kasuwa ne zai iya furta haka ba yana kallon kuɗi a hannun mutum.

A Ingila an mayar da wannan musayar bayani rubutacciyar yarjejeniya, wadda ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA da wata gidauniya ta ƙungiyar likitocin dabbobi suka fito da ita a 2012. Mai kiwo yana rubuta sakamakon gwajin iyaye, da allurai, da maganin tsutsar ciki, da abincin da ɗan kwikwiyon ya saba ci, da irin mutane da dabbobin da ya taɓa gani. Mai saye kuma yana sa hannu cewa zai kula da shi. Tun 2016 kuma akan cusa wa kowane ɗan kwikwiyo wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba, kuma sunan mai kiwon ne ake fara rubutawa a rajistar lambar. Masu kiwo da yawa sukan ƙara wani sharaɗi na kansu: duk ranar da mai saye ya kasa riƙe karen, ko bayan shekara 7 ne, kada ya sayar ko ya sake shi a titi, ya dawo musu da shi.